Riƙon Mota Mai Giyar Atomatik a Garwa: Daga Ranar Saye Zuwa Ranar Sa Sauti

Motata ta farko Corolla ce ƙirar 2005, atomatik, hannu-biyu, aka turo mini ita daga Duwala. Sati ɗaya da isowarta na kai ta wajen mai haɗa sauti, aka cika mini but da wufa, ƙofofi huɗu kowace da sabuwar sifika. Ban ko zaro sandar awon man giya na duba ba, don ban ma san tana da ita ba. Wata uku bayan nan, a cikin zafin Afrilu, na ɗauki iyali za mu biki Ngaundere. Mun wuce Mbe, mun kama hawan dutsen nan da kowa ke kira falez, sai na ji inji yana ihu mota kuwa tana jan ciki. Na taka totur, allura ta tashi, gudu bai ƙaru ba. Ga sauti yana ta duka a baya kamar gidan biki, ga giya ta mutu a ƙarƙashina. Abin da zan faɗa a nan shi ne jerin da ya kamata in bi tun farko, kuma har yau shi nake nuna wa duk wanda ya ce mini ya samu kuɗin mota.

Ka san irin giyar kafin ka taya

Dillali zai ce maka "atomatik ce", shi ke nan. Amma abin da ake kira atomatik a kasuwarmu iri uku ne, kuma ba su haɗa hanya ba wajen gyara.

Akwai ta gargajiya, mai aiki da matsin mai, irin wadda ke cikin tsofaffin Corolla, Camry da Carina E. Za ka ji tana canza giya ɗaya bayan ɗaya. Ita ce makanikan Garwa da Marwa suka fi sani, kayanta kuma ba sa wuyar samu. Akwai CVT, wadda ba ta da matakala, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin wasu faifai biyu masu buɗewa da tsukewa. Nissan da yawa ita suke ɗauke da ita, haka Corolla ta Amurka daga 2014 akasari. Tana da daɗin tuƙi, tana tsimin mai, amma ba ta son zafi, ba ta son lodi, ba ta kuma yafe kuskuren mai. Ta uku ita ce mai ruɗa mutane: wadda Toyota ta sa a wasu Yaris, Auris da Corolla na Turai, ana ce mata MMT. Giyar hannu ce sak, da kulocinta da komai, sai dai wani ɗan inji na lantarki ne ke taka kulocin a madadinka. Gane ta ba wuya: dubi sandar giya, za ka ga R, N, E da M, babu P. Tunda yawancin motocinmu daga Beljiyam suke shigowa, tana yawo a kasuwa sosai. Idan aka canza mata kuloci sai an saita ta da kwamfuta, in ba haka ba ta yi ta fizga.

Ra'ayina a fili yake. In tafiyarka ta ƙauye ce, ko kana yawan bin hanyar Mora zuwa Kusuri da kaya, giyar hannu ta fi maka. In cikin gari ne da ɗan zuwa Ngaundere ko Gidar, ka nemi atomatik ta gargajiya. Sauran biyun, sai wanda ya riga ya san makanikin da zai riƙe masa su.

Gwajin ranar saye

Ka roƙi a bar motar ta kwana ba a tayar ba, ka je da sassafe. Taɓa inji da hannu. In da ɗumi, an riga ka, kuma akwai dalili. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka dubi fitilun dashbod: fitilar nan mai hoton inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire mata ƙwai ko an liƙe ta don kada ta tona asiri.

Taka birki, ka sa R, ka ƙirga. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya kamata ka ji motar ta ɗan yunƙura. Koma N, sa D, haka nan. In sai ka jira kamar mai jiran a buɗe ƙofa, sannan ta shiga da bugu, akwai magana. Daga nan ka fita da ita, ba zagayen unguwa ba. Kama hanyar Pitowa ka yi minti ashirin ko talatin har komai ya yi zafi, don giya mai ciwo takan ɓoye cutarta da sanyi. A hanya ka danne totur gaba ɗaya sau ɗaya: ta sauko giya ta ɗauka nan take. In allurar inji ta haura gudu bai bi ta ba, wannan shi ne zamewa, ka mayar da makulli ka yi sallama.

Da kun dawo, kafin a kashe, zaro sandar man giya ka ɗiga a kan farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Ruwan ƙasa, ya tsufa amma da sauransa. Baƙi mai warin ƙauri, faifan ciki sun ci wuta. Wanda ya yi kalar madara mai ja-ja, ruwa ya shiga. Sabon mai tas a tsohuwar mota ma abin tambaya ne: wa ya canza, me ya sa aka canza jiya-jiya?

Ka leƙa ƙasa. Motocin Turai da Kanada gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cinye musu ƙarfe, fenti na sama yana sheƙi ƙasa kuwa ta ruɓe. Sai takardu: lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17 a motocin Turai da Amurka, ta yi daidai da abin da ke kan kat giris, wato takardar rajistar mota, harafi da harafi. Ka karɓi takardar kwastan da takardar ciniki mai sa hannu, ka juya kat giris zuwa sunanka ba da jinkiri ba, ka yi inshora da bizit, wato gwajin lafiyar mota na hukuma. Mai niyyar ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena ya tambayi mai inshorarsa katin nan mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC.

Satin farko: ruwa kafin komai

Mutane suna mamaki in na ce gyaran giya daga lagireto yake farawa. Buɗe bonet ka dubi ƙasan lagireton motar atomatik, za ka ga wasu siraran bututu biyu sun shiga. Man giya ne ke bi ta nan, ruwan lagireto yana sanyaya shi, ya koma. Ke nan duk ranar da inji ya yi zafi, giya ma ta sha zafi, sai dai ita ba ta da allurar da za ta nuna maka. A garin da Maris da Afrilu suke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka a wanke lagireto ciki da waje. Waje ƙurar hunturu da ƙwari da ciyayi suke toshewa, musamman tsakanin lagireto da faifan na'urar sanyi da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba, don ruwan rijiya yana barin farar ƙasa da tsatsa a ciki, ya kuma ci bututun man giyan nan har ya huje. Ranar da ya huje, ruwa da mai suka gauraya, giyar ta tafi. A canza murfin lagireto in robarsa ta bushe, kuɗinsa kaɗan ne. A tabbatar fanka tana tashi da kanta.

Akwai al'adar cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan wai kayan ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda da ita ba. Injin zamani kwamfutarsa tana auna zafin ruwa kafin ta yanke yawan man da za ta fesa, a wasu motocin ma ba ta barin giya ta shiga matakin ƙarshe sai inji ya kai zafinsa. In mota tana zafi, a nemo dalilin, a sa sabon tamostat mai kyau.

A cikin satin nan kuma a juye baƙin mai da filtarsa, a sa sabuwar filtar iska, a canza man birki. Ka tambaya ko injinka bel yake amfani da shi ko sarƙa. Carina E da tsohuwar Camry mai lita 2.2 bel ne, kuma tunda ba ka san yaushe aka canza ba, canza shi. Corolla mai amfani da fetur ta shekarun 2002 zuwa 2007 sarƙa ce, ba ruwanka da wannan.

Man giya, inda yawancinmu muke faɗuwa

A giyar hannu aikin mai shafawa ne kawai. A atomatik kuwa shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse faifan kuloci na ciki, shi ke sanyayawa, shi ke shafawa. Shi ya sa kowane kamfani ya ƙayyade irin santsin da yake so. Tsofaffin Toyota na shekarun 1990 Dexron suke sha. Waɗanda suka biyo baya, irin Corollata, T-IV. Na baya-bayan nan, kamar Camry daga 2007, WS. Honda tana da nata, Z1 a da, yanzu DW-1. CVT ta Nissan NS-2 ko NS-3, kuma ko kusa kada a zuba mata man atomatik na gargajiya. Sau da yawa sunan man yana rubuce a kan sandar awo ko a littafin mota. Mai shago zai ce maka "duk ja ne, Alhaji, ɗaya ne." Rini ne ja, ba shi ne man ba. Ka sayi galan a rufe da hatiminsa, daga shagon da za ka iya komawa ka yi magana, ka guji na awo a kwalba.

Yadda ake dubawa a Toyota: mota ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, inji yana aiki, ka taka birki ka bi da sandar giya ta kowane mataki ka dawo P. Zaro sandar awo, goge da ƙyalle marar gashi, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu na ɓangaren zafi. Honda kuma ana kashe injin ne a duba nan take. Cikawa fiye da ƙima ma illa ce, don mai yana kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai. Motocin da ba su da sandar awo, ta wani ƙusa da ke jikin giya ake daidaita man a wani zafi na musamman, wannan aikin wanda ya sani ne.

Wajen canzawa, hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce a kwance ƙusan ƙasa a bar abin da zai fito ya fito. Ba duka zai fito ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi, sauran yana cikin tulun nan da ke tsakanin inji da giya. A tara a mazubi mai awo, a mayar da sabo daidai abin da ya fita, sannan a duba sanda. Ka yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, a sake. Sau biyu ko uku haka, man ya washe. A karon farko a sauke kwanon ƙasa gaba ɗaya, ka tsaya ka gani da idonka. Akwai 'yan maganaɗisu manne a cikinsa. In abin da ke jikinsu laushi ne kamar toka da aka kwaɓa, cin yau da kullum ne. In ka murza ka ji tsini-tsinin ƙarfe a yatsa, wani abu yana karyewa a ciki. A wanke kwanon, a canza rariyar, a sa sabon gasket, kada a cika masa gam har ya ɓalle ya shiga ciki.

Da zafinmu da ƙurarmu, ni nakan juye duk kilomita 40,000, ko da an ce man na har abada ne. Sai dai a san wani abu: in giya ta riga ta fara zamewa, mai ya yi baƙi, sabon mai ba zai dawo da faifan da ya cinye ba. Daga nan maganar "canza mai ne ya kashe ta" ta samo asali, alhali an kai ta ne tana kan gargara.

Tuƙin da ke tsawaita ranta

Ka tsaya cak kafin ka juya daga D zuwa R. A gangare ka ja hambirki tukuna, ka saki birkin ƙafa mota ta zauna, sannan ka sa P, don abin da ke riƙe P ɗan ƙugiya ne bai wuce yatsa ba. Kada ka sa firi, wato N, a gangara da sunan tsimin mai.

Falez ita ce jarrabawar kowace mota a yankin nan. Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa kuwa wajen mita 200, kuma mafi tsananin bambancin a wannan hawa yake. Wajen hawa, in ka ji giya tana ta kai-komo tsakanin uku da huɗu, danna maɓallin O/D a kashe don kada ta shiga giyar ƙarshe, ko ka sa 3, ta zauna wuri ɗaya. Kowane kai-komon nan zafi yake ƙarawa. In allurar ruwa ta fara ɗagawa, kashe na'urar sanyi, samu wuri ka tsaya, bar inji yana aiki fanka tana juyawa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Wajen saukowa ka sa 2 tun daga sama, inji ya riƙe motar, birki ya zama taimako. Wanda ya ɗora ƙafa a birki daga sama har ƙasa zai ji warin ƙauri, daga nan feda ta yi laushi.

In ka kafe a rairayin mayo, kada ka yi ta gaba da baya kana ba da wuta, minti kaɗan na wannan ya isa ya dafa man. Rage iskar taya, tone gaban tayoyi, shimfiɗa itace, a tura. Da damina in ka ratsa ruwa mai zurfi, duba kalar man washegari. Atomatik ba ta tashi da turi. In ta mutu a hanya kuma, ja da igiya tayoyin gaba suna ƙasa inji a kashe yana nufin giya tana juyawa ba mai, don famfonta da inji yake aiki. Tafiya mai nisa sai a ɗora ta a kan babbar mota ko a ɗaga gabanta.

Sai zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba na bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba shi da arahar da, amma har yanzu akwai wuraren da shi kaɗai za ka samu. In dole ta sa, ɗaga kwalbar ka duba ƙasanta ko akwai ruwa ko laka, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kada ka saba tafiya da tanki a ƙasa, don famfon mai a cikin fetur yake kwance, shi ke sanyaya shi. Na kawo wannan a nan ne saboda gurɓataccen fetur yana sa mota fizga, mai ita ya rantse giya ce.

Shiga gareji

Ranar da aka jawo Corollata Garwa, makaniki na farko ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce, "Alhaji, bwat ta gaji, sai dai a sauke," wato giyar yake nufi. A wannan karon gaskiyarsa ne. Amma shekara biyu bayan nan wani ya faɗa mini kalma ɗaya sak, ashe kwayil ɗaya ne ya mutu, fulogi ba ya samun wuta. Wani dattijon makaniki ne ya sa yaronsa ya zare wayoyin kwayil ɗaya bayan ɗaya inji yana aiki. Uku na farko inji ya girgiza, na huɗu bai ko motsa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ga giyar taka nan."

Don haka ka je da bayanin abin da ka ji, kada ka je da hukunci. "Da safe lafiya lau, bayan rabin awa tana bugu in za ta shiga uku" ya fi "giyata ta lalace" amfani sau goma. Kafin a taɓa sifana, a jona kwamfutar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Motocin Amurka daga 1996 da motocin fetur na Turai daga 2001 duk suna da shi. Ka ɗauki hoton lambobin da suka fito da wayarka kafin a goge. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta, P0500 na'urar auna gudu, P0700 kuma tana cewa kwamfutar giya na da ƙorafi, a shiga ciki a karanta. Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida, saboda haka kada a sayi kaya don lamba kawai. A fara da masu araha: yawan mai, soket da ya sha ƙura, wayar da ɓera ya ci, robobin da inji ke zaune a kai, batir mai rauni.

Ku yanke kuɗin aiki kafin a fara. Kayan gyara ku je tare ku saya, tsohon da aka cire a sa maka a but. Rubuta kilomita da yawan fetur a gaban maigidan garejin, ba don zargi ba, don yara suna son zaga gari da motar mutane da sunan gwaji. Kwashe takardunka. Kuma kada ka tsaya a kan makaniki kana azalzala, aikin giya ba ya son gaggawa ko iska mai ƙura. Wurin da za a buɗe giya a kan yashi, iska tana kaɗawa, ɗauke motarka.

In ta tabbata sai an canza, yawanci giyar da aka ciro daga wata mota ta fi sauƙi a nan. Lambar da ke jikinta ta dace da taka, soket ma iri ɗaya. Ta zo da tulunta. A wanke bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga sabuwar a ranar farko. A tabbatar tulun ya zauna har ƙarshe a cikin giya kafin a ɗaure ta da inji, don in aka ja da ƙusa da ƙarfi famfon mai yake fashewa. Ka kuma yi yarjejeniya da mai kaya a gaban shaida kan kwanakin gwaji.

Yanzu sai sauti

Ka fara da sanin abin da ke damunka. Wani rediyon ne matsalarsa: tsofaffin motocin da aka ƙera don kasuwar Japan, FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake, namu kuwa daga 87.5 zuwa 108, shi ya sa tashoshi da yawa ba sa kamuwa. Wannan canza rediyo ne maganinsa, ko a sa masa ɗan abin da ke faɗaɗa zango. Wani kuma sifikun ƙofa ne rana ta busar da takardarsu suka yage. Ga mai sauraren labarai, karatu da waƙa jefi-jefi, sabon rediyo mai Bluetooth da sifiku huɗu masu kyau sun wadatar, ba sai an taɓa but ba.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wat 1,000 da aka buga da manyan haruffa ƙarfin ƙiftawar ido ne. Ka nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da abin ke iya riƙewa. Rediyon da aka rubuta wa 50 sau 4, abin da yake bayarwa a zahiri bai fi wajen wat 20 a kowace sifika ba. Sifikun mota akasari om 4 ne, kada a haɗa musu na gida.

Wajen haɗawa, ka hana a yanke wayoyin mota, akwai soket na haɗi da ake sayarwa. A rediyon kasuwa, rawaya ita ce wutar dindindin, ja ta makulli, baƙa ta jiki, wadda ake ɗaurawa a ƙarfen mota, shuɗiya mai farin layi ita ke tayar da amfilifaya. Masu gaggawa sukan murɗe ja da rawaya wuri ɗaya, sai rediyo ya ƙi barci, da safe batir ya kwanta. Allon Android ya fi kowa wannan hali.

In za ka sa amfilifaya da wufa, auna wutar motarka tukuna. Batir mai lafiya a kashe yana nuna wajen volt 12.6, inji yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Amfilifaya mai wat 400 RMS tana iya jan amfiya 35 ko fiye in an ƙure ta, alhali altanetar ƙaramar mota ba ta wuce 70 zuwa 90 ba, ga fitilu, ga fanka, ga na'urar sanyi. Wuta in ta yi ƙasa, kwamfutar giya ma tana rikicewa. Wayar wuta ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla. Kankare bakinta ka gani, in cikinta fari ne alminiyam ce aka shafa wa ja. A sa fis kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya daga kansa, don wayar nan in ta goge da ƙarfe ba fis, mota ce za ta kama wuta. Inda ta ratsa bango zuwa cikin mota a sa mata roba. Wayar jiki ta zama gajera, a kankare fenti a ɗaure ta a kan ƙarfe tsirara. Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, wayoyin sauti su bi ɗaya gefen. Amfilifaya kuma kada a binne ta ƙarƙashin kafet, tana bukatar iska, balle a but ɗin da ya wuni a rana.

Kafin ka biya, tayar da inji, rage sauti, ka ba da wuta a hankali. In ka ji wani siririn kuka yana tashi yana sauka tare da totur, wayar jiki ba ta zauna ba ko an haɗa wayoyi hanya ɗaya, a gyara a wurin. Kunna manyan fitilu ka ƙara sauti, in suna lumshewa da kowane bugu, kayan sun fi ƙarfin wutar motar. Sannan a kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira 'yan mintuna, a sa mita tsakanin batir da wayarsa a ga abin da motar ke sha tana barci. In ya haura miliamfiya 50 sosai, a zare fis ɗin sauti a sake aunawa, nan take za a ga ko sabon aikin ne ke shan batir.